Launin da Na Hana Ki Faɗa

Autata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. In har takardar nan tana hannunki, to kin sauka Jos, kin buɗe jaka, kin zazzage zannuwan da na ninke miki, ta faɗo daga tsakaninsu. Allah ya sa kun wuce Hawan Kibo lafiya, direban bai ɗauka jirgi yake tuƙawa ba. Allah ya sa ɗakin da masu situdiyon waƙar nan suka yi miki alkawari yana da ƙofa mai sakata. Sanyin garin nan ba ruwansa da cewa ke 'yar Keffi ce, saboda haka rigar sanyin nan da kika ce ta tsofaffi ce, ki sa abinki, babu wanda ya san ki a can tukuna.

Kafin in shiga abin da ya sa na ɗauki biro, bari in yaba wa masu boko. Kai, mutanen nan Allah ya yi musu baiwa. Kin tuna ranar da kika dawo daga jami'a kina haki, kika tarar da ni a rumfa, kika ce malaminku ya faɗi sunan abin da ke tare da ke tun kina ƙarama? Sinestiziya. Sai da na sa kika maimaita sau uku, na ɗauka sabon maganin zazzaɓi ne. Kika ce wai a wurin wasu mutane hanyar kunne da hanyar ido suna taɓa juna a cikin ƙwaƙwalwa, shi ya sa in sun ji sauti sai su ga launi, wasu kuma harafi ne ko lamba ke zo musu da kalarsa, wasu har ɗanɗanon kalma suke ji a harshe. Madalla da ilimi. Mutum ya yi shekara da shekaru yana karatu har gashin kansa ya zube, don ya gano abin da wata mai sayar da atamfa a kasuwar Keffi ta sani tun tana tallan gyaɗa a Panda. Sun raɗa masa suna mai tsawon layin motocin Mararaba ranar Litinin, amma ko ɗaya a cikinsu bai gaya miki yadda ake zama da shi a cikin mutane ba.

Kin ga na ce wata mai sayar da atamfa. Koma ki sake karantawa, ba kuskuren biro ba ne. Ni ce.

Ranar nan abin da na ce miki shi ne, "To, Allah ya sawwaƙe," na ci gaba da auna wa wata mata yadi. Kin tsaya kina kallona, kina jiran ko zan ƙara wani abu, ban ƙara ba, kika ɗauki jakarki kika tafi gida. Shekara ashirin da uku kina zaune da ni kina tsammanin uwarki tana ganin abin nan ciwo ne ko abin kunya. Ban so ki kwana ko ɗaya a wani gari da wannan tunanin ba. Na gwada faɗa miki baki da baki ya fi sau goma a watan nan. Bakin nan nawa da mace za ta zo sayen ɗankwali in sa ta tafi da turmi biyu, da na kalle ki sai ya kulle. Shi ya sa nake rubutawa a nan rumfa da rana tsaka, kasuwa ta yi sanyi, Hajiya Asabe mai leshi tana gyangyaɗi a kan kujerarta.

Ni tun ina yarinya haka duniya take a wurina. Carar zakara ja ce, mai tsini. Daka a turmi ɗigo-ɗigo ne ruwan ƙasa. Ruwan sama a kan kwano kuwa azurfa ce tana zuba. Ban taɓa tambayar kowa ba, don na ɗauka kowa haka yake gani, kamar yadda ba wanda ke tambaya ko gishiri yana da ɗanɗano.

Da na auri babanki muka tare a unguwar Gangaren Tudu, na shiga zumuntar mata ta coci, ba a daɗe ba ni ce mai haɗa musu waƙa. Ban san rubutun kiɗa ba, har yau ban sani ba. Yadda nake jera zannuwa a rumfa haka nake jera waƙa. Tulun da ake kaɗawa ya ba ni shuɗi mai duhu a ƙasa, mata masu kaurin murya su ja layi ruwan makuba a kansa, masu siririyar murya su zo da ruwan ɗorawa daga sama. In baiti bai zauna ba, tabo nake gani, kamar manja ya ɗiga a farin zane, ba na barinsa sai ya fita. Har tsayuwar matan ni ke shiryawa, in ɗauke wannan daga hagu in kai ta dama don launinta yana kashe na maƙwabciyarta. Suna cewa Maman Bitrus tana da kunne. Ido ne, ba su sani ba.

Kina goye a bayana shekarar da na haɗa wata waƙar godiya don babban taron zumunta. Waƙar nan koriya ce shar, da ɗan ruwan ɗorawa a bakinta, kamar gonar shinkafa da safe. Sai kwamiti suka zaɓi anko ruwan hanta. Ranar gwaji na ƙarshe kowa ta ɗauro nata, na tsaya a gaba zan ba da waƙa. Idona yana ganin ruwan hanta, kunnena yana kawo mini kore, suka hau dambe a cikin kaina. Na ɗaga hannu na tsai da tulu. Na ce, "Waƙar nan koriya ce, ba za ta shiga da zanen nan ba."

Mama Saratu, shugabarmu, ta sauke tabarau ta ce, "Maman Bitrus, waƙar ce koriya?"

Nan ne mai wayo za ta yi dariya ta ce zafi ne ya taɓa ta. Ni kuwa, gwanar bayani, sai na ce, "Eh mana, Mama. Ke ma ai muryarki ruwan makuba ce, shi ya sa nake sa ki a baya."

Kafin Lahadi magana ta rabu gida biyu. Wasu suka ce ai 'yar kasuwa ce, koriyar atamfa ce ta yi mata kwantai take nema ta sauke mana. Wallahi da sun tsaya a nan da na gode, don wannan zagi ne da na saba da shi. Sauran suka ce iska ce ta shige ni. Aka zaunar da ni a tsakiya, aka ɗora mini hannuwa, aka yi ta addu'a. Duk "Amin" ɗin da suka faɗa sai in ga ta fashe ruwan ɗorawa a gabana, kyakkyawa. Da aka gama Mama Saratu ta riƙe hannuna, da zuciya ɗaya fa, ta ce, "Yanzu kin daina gani?"

Na ce, "Na daina."

Wannan ita ce ƙaryar da ta fi kowace tsada a rayuwata, kuma kin san mai sayar da atamfa ba ta rasa abin gwadawa da shi. Tunda na ce na daina, ba ni da bakin cewa a ɗauke wance a kai ta dama. Na koma layin baya ina amshi. Daga ranar ban sake haɗa waƙa ba.

To ki ji. Kuskurena ba gani ba ne, kuma ba faɗar gaskiya ba ne. Na yi wa mutane magana da yaren da ni kaɗai ke ji, da suka tsorata kuma sai na bi su na tsorata. A situdiyo za ki zauna da mutanen da kunne kawai gare su. Kada ki ce wa mai na'ura jitar nan ta cika ja, zai kalle ki ya kalli agogo. Ki ga janki a ranki, sannan ki ce masa, "Oga, a ɗan rage ta, tana danne murya." Abu ɗaya ne, amma wannan zai ji. Ko a kasuwa, in Bagwandariya ta zo da Gwandara nake gaishe ta, in ɗalibar jami'a ce in karya mata Turanci, atamfar dai ba ta canja ba. Amma duk wanda ya zaunar da ke, ko Fasto ne ko likita ko saurayi, ya ce kin daina, kada bakinki ya ce eh don a bar ki ki tashi.

Da na rufe ƙofar waƙa, sai na kwashi abin na kai kasuwa, nan ma na yi wata wautar. Na ɗauka launin murya yana nuna halin mai ita. Akwai wani dila da ya riƙa kawo mana kaya, muryarsa ruwan gwal, in yana magana kamar ana zuba zuma a faranti. Na ce wannan ba zai cuce ni ba, ko ruwa ban sa wa ƙyallen gwaji ba. Wankin farko atamfar ta zuba, mata suka yi ta dawo mini da zannuwa kamar an yanka kaza a kansu. Hajiya Asabe da ba ta ganin komai sai abin da ke gabanta, tun ranar farko ta ce mini, "Maman Bitrus, mutumin nan daɗin bakinsa ya yi yawa." Ni mai gani biyu na faɗa, ita mai gani ɗaya ta tsallake.

Kuma da na yi hankali, da tun a kan babanki na koyi darasin. Sau biyu na ƙi shi. Malamin firamare ne, mai natsuwa, kowa a Panda yana yabonsa, amma in ya buɗe baki abin da nake gani shi ne ruwan wankin kwano, toka-toka da ɗan maiƙo a sama. Na ce ni ba zan iya kallon wannan kowace safiya ba. Kakarki ce ta ce in ban aure shi ba in nemi wata uwar. Shi kaɗai na taɓa gaya wa sirrina kafin abin zumunta, muna da shekara biyu da aure. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To ni wane launi ne?" Na gaya masa, ban rage komai ba. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ba laifi. Ai in kin ga ruwan wankin kwano, an ci an ƙoshi a gidan."

Shekara huɗu ke nan da muka binne shi, kuma, Rahila, duk Keffi babu mai wannan launin. Na duba. A coci na duba, a tasha na duba. Bara na hau keke napep, direban ya ce, "Mama, ina za ki sauka?" sai ga wani abu kusa da shi, bai kai ba amma kusa. Na wuce inda zan sauka, na yi ta jan sa da hira kan tsadar mai har ƙarshen layi, na dawo da ƙafa. Launin da na ce ba zan iya kallo ba, shi ne yanzu nake bin titi ina nema.

Jos cike take da samari masu jita da murya ruwan gwal, wannan ba sai an gaya mini ba. Launin yana gaya miki yadda sautin yake, ba ya gaya miki ko mai shi zai riƙe amana. Ki sa wa kowa ruwa ki gani ko zai zuba. A waƙa ma kada ki kori munanan launuka. Zanen da duk gwal ne ido yana gajiya da shi kafin a kai bakin ƙofa, sai an sami ɗan duhu a gefe sannan hasken ke tashi.

Yanzu ga wanda ya fi mini nauyi. Na san kin tuna, don ban taɓa ganin yaron da ya manta irinsa ba. Kina da shekara shida, an tashi daga sujada, muna tsaye a bakin coci da Mama Saratu, kika ja mini zane kika ce, "Mama, muryar Fasto ta yi tsatsa, kamar tsohon kwanon rufi." Hannuna ya riga tunanina, na buge miki baki. Na ce kada in sake jin irin wannan shirmen. Ba ki yi kuka ba, kin dai kalle ni, wannan kallon da kika sake yi mini a rumfa.

Kin san abin da ke bakina a lokacin, wanda na haɗiye? So na yi in ce, "A'a, ke dai, shunayya ce!" So na yi in durƙusa a ƙasa mu yi musu, ke ki ce tsatsa ni in ce shunayya, har rana ta faɗi. Shekara talatin da wani abu ina neman mutum ɗaya da zan yi wannan musun da shi, Allah ya aiko mini shi ta cikina, na tarbe shi da mari. Tsoro ne. Na hango ki a zaune a tsakiya, hannuwa a kanki. Da muka koma gida babanki ya ga leɓenki, ya ji yadda aka yi, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Maman Bitrus, kanki kika mara, yarinyar dai ta tsaya a hanya ne."

Daga nan kika koma yi da fensir mai kala. Kina tsammanin ban san littafin nan mai jan bango da kike ɓoyewa a ƙarƙashin katifa ba? Uwar da ke gane an taɓa mata turmi ɗaya a cikin ɗari? Na sha buɗe shi in kin tafi makaranta. Layi-layi na kala, babu kalma ko ɗaya. Launukanki ba nawa ba ne, inda nake ganin shuɗi ke kina sa ruwan goro, amma ina gane inda waƙar ta hau, inda ta sauko, inda kika sa murya ta biyu ta shigo. In zauna a bakin gadonki ina karantawa kamar an aiko mini wasiƙa daga garinmu. Waƙar da kika yi a taron tunawa da babanki, tun tana fensir na san ta. Da kika gama rerawa kika zo kika ce, "Mama, yaya?" na ce, "Ba laifi." Ba laifi! Ni da na riƙe bencin coci da hannu biyu don kada in faɗi. Ki yafe mini marin, ki yafe mini "ba laifi", ki yafe mini "Allah ya sawwaƙe". Ukun nan su ne kayan da na kasa sayarwa na kasa zubarwa.

Akwai wani haɗarin da ni ban gamu da shi ba, don a zamanina ɓoyewa ake yi, ku kuwa a naku tallatawa ake yi. Ranar da mutanen can suka ji dogon sunan nan, za su so shi fiye da waƙarki. Za a sa ki a gaban waya, a kaɗa cokali a ce wane launi ne, a buga ƙofa a ce wannan fa. Mako biyu kowa yana turawa, mako na uku an sami wata mai tafiya da hannu. Abin nan kayan aiki ne, kamar almakashina. Ba na rataye shi a wuya in zaga kasuwa, yanka nake yi da shi.

Kuma kada ki yarda da shi ido rufe. Na taɓa haɗa wata waƙa, a idona babu mai kyanta, launi bakwai suna shiga juna kamar an saƙa. Na koya wa mata, suka rera, ba wadda ko kafaɗarta ta motsa. Mai tulu har hamma ta yi. Su ba sa ganin abin da nake gani, abin da ya isa kunnensu kawai suka samu, shi kuwa ba gishiri. Idan kin gama waƙa, launinta ya yi miki daidai, ki nemi irin Hajiya Asabe ta can, mai sayar da wani abu a bakin titi wadda ba ta jin kunyar kowa, ki rera mata. In ta ci gaba da korar ƙuda, ki koma ki sake.

Ki yi ta aiki da shi kullum, ko ana biya ko ba a biya. Nawa ya dushe. Da, ko buɗe ƙofa aka yi sai na ga wani abu, yanzu sai na natsu sosai, kamar mai leƙen rijiya. Muryarki ce kaɗai ta rage da ke zo mini da ƙarfinta ba sai na nema ba, ruwan goro mai haske da ɗan fari a tsakiya. Ita nake gani kowace safiya in kin ce, "Mama, ina kwana." Yayanki Bitrus yana Abuja, sauran kowa da gidanta, yanzu ke ma kin ɗauke. Ban ce ki dawo ba, kada ki soma. Na dai roƙe ki abu ɗaya: in za ki gaishe ni, kada ki rubuto. Rubutun waya baƙi ne a kan fari, ina da rasit iri-iri in shi nake so. Danna wurin maganar nan ki yi magana, ko faɗa mini za ki yi abin da kika ci.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki daga mugun abokin aiki da mugun mai gida, ya haɗa ki da masu tsoronsa. Ya ba ki lafiya, ya ba ki kunya inda ta dace, ya cire miki ita inda ta cuce ni. Ki nemi coci tun Lahadin farko, ki ci abinci mai zafi, kada ki zauna da burodi da shayi ki ce aiki ya yi yawa. Hajiya Asabe ta farka, ta ce in gaishe ki, wai kada ki dawo mata da kitson 'yan Jos.

Mamarki.

Af, saura kaɗan in ninke. Ranar da kika fara haɗa kaya, ina shara, wata waƙa ta zo mini, ta farko tun kina goye. Shuɗiya ce mai duhu, da siririn farin zare yana ratsa ta. Ba ta da kalmomi tukuna, kuma na gwada ta ni kaɗai a bayan rumfa ta ƙi tsayuwa, murya biyu take so. To ke da kika zama ma'aikaciyar situdiyo, in na turo miki, za ki saurara don ni na haife ki, ko sai na bi layi kamar kowa?